Ciwon ƙodar da ke biyo bayan gyambo da maruru da ciwon maƙogwaro: kira ga mutanen Jos da hukumomin lafiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan bani fili na yi magana akan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni ma'aikacin lab ne a wani asibiti anan cikin garin Jos, ba likita bane ni, amma duk wanda ƙodarsa ta samu matsala sai fitsarinsa da jininsa sun biyo ta teburin irinmu kafin likita ya yanke magana, dan haka abinda zan faɗa abu ne da nake gani da idona, wani kuma na koya wajen likitocin da muke aiki tare.

Yanzu da wuya a yi sati baka ci karo da sanarwar neman taimako a Facebook ko WhatsApp ba, hoton bawan Allah a kwance da tiyo a wuya, ana cewa ƙodarsa ta tsaya a taimaka da kuɗin wankin ƙoda. In ka duba abinda mutane ke faɗa, wannan yace hawan jini ne, wancan yace suga, wani yace lemon kwalba da maganin ƙarfi, wasu kuma kai tsaye suce jifa ne. Hawan jini da suga kam gaskiya ne, suna cikin manyan masu kashe ƙoda a ƙasar nan ba musu. Amma akwai wata hanyar da kusan ba mai maganarta, kuma ita ce tafi bani takaici saboda ana iya tare ta da kuɗi kaɗan in an farga da wuri, wato kumburin ƙoda da ke tasowa sanadiyyar wata cuta da ta kama wani waje daban a jiki, ƙafa ko fata ko maƙogwaro ko hanta, wajen da ba wanda zai taɓa kawowa a ransa yana da alaƙa da ƙoda.

Ga yadda abin yake faruwa. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, ido baya ganinsu sai da madubin lab, su biyun a rana suna tace ruwan jini wajen lita 180 su maida kusan duka cikin jiki, abinda ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita 1 zuwa 2 ba. Aikinsu irin na rariya ne, ruwa da datti su wuce, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya. Toh idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki tana haɗa sinadaran da zata yaƙe ta dasu, wani lokacin sai sinadaran nan su cakuɗu da ɓurɓushin ƙwayar cutar su je su maƙale a cikin matatan, wajen ya kumbura. Daga nan komai ya juye, jini da furotin da ya kamata su tsaya sai su riƙa zuba cikin fitsari, gishiri da ruwa da dattin da ya kamata su fita kuma su taru a jiki. Shi yasa zaka ga fitsarin ya koma kalar shayi ba madara, ko yana kumfar da bata kwanciya, mutum ya tashi da safe fuska a kumbure musamman ƙasan ido, da yamma ƙafa tayi sumtum, jini ya hau lokaci ɗaya, fitsari ya ragu. Kuma abin lura, sau da yawa ba ciwo. Mutanenmu sun ɗauka ciwon ƙoda dole sai kwiɓi ko baya ya riƙe, wancan yawanci cutar da ta hau ta mafitsara ce ta shiga ƙodar kanta, ita ce mai zazzaɓi da rawar sanyi da zafin fitsari. Wannan da nake magana a kai ƙwayar cutar bata ma cikin ƙodar, tana can wani waje, faɗan da jiki ke yi da ita ne ke taɓa ƙodar a ɓoye.

A wajen yara an daɗe da sanin wannan ciwon. Yaro yayi ciwon maƙogwaro, bayan sati 1 zuwa 2 fuska ta kumbura, ko yayi ƙuraje masu ruwa ko ƙazwar da ya sosa ta zama miki, bayan sati 3 zuwa 6 fitsari ya canza kala. Ƙwayar da ke jawo wannan bakteriya ce da ake kira Streptococcus, kuma alhamdulillahi sama da kashi 90 cikin 100 na yaran suna warkewa sarai, da yawansu ma kafin a kaisu asibiti ainihin cutar ta riga ta wuce saura kumburin kawai. Matsalar ita ce wannan sanin na yara shine ya zauna a kan mutane har da wasu ma'aikatan lafiya, sai a ɗauka babba ma haka ne zai washe da kansa. Wallahi ba haka bane. Babba, musamman wanda ya haura 50 ko 60, ko mai suga, ko mai hawan jini dama, ko wanda garkuwar jikinsa tayi rauni, ƙodarsa dama ta fara gajiya, in wannan kumburin ya zo mata bata da ƙarfin miƙewa irin ta yaro. Sannan a manya sau da yawa wata ƙwayar ce daban, Staphylococcus, mai kawo maruru da mugunya da gyambon da yaƙi warkewa, ita kuma bata jira sai ciwon ya wuce, ciwon yana nan ɗanye tana cin ƙodar a lokaci guda, kuma muddin ba'a kashe ta daga tushe ba kumburin bazai tsaya ba.

Bari na kawo misali ɗaya da har yanzu yake raina. Wani dattijo direba da ke lodi a tashar Bauchi Road, mai suga ne amma maganin sai ya tuna yake sha, ya taka ƙusa a lokacin damina, ƙaramin ciwo a ƙasan babban yatsa, da yake suga ta kashe masa jijiyoyin ƙafa ko zafi baya ji sosai. Wata biyu yana zuwa wani kemis ana masa diresin ana ɗaure masa da bandeji yana komawa kan sitiyari, duk dare kuma ya haɗiyi diclofenac saboda gajiyar hanya. Da ƙafafun suka fara kumbura akace ai ciwon ne ya taru da mataccen jini, aka kira wanzami yayi masa ƙaho da tsaga a ƙwauri, kaga an ƙara buɗe wa ƙwayar cuta sabbin ƙofofi kenan. Sai da takalmi ya daina shiga, hula ta fara matse shi, ya kasa kwanciya flat da dare saboda numfashi yana sarƙewa sai dai a jingina shi da filo, sannan ɗansa ya ɗauko shi a Keke zuwa wajenmu. Ni na karɓi kwalbar fitsarin, ɗan kaɗan ne bai kai rabin kwalbar ba, yayi duhu, kumfa ta taru a sama har na gama rubuta sunansa a rajista bata kwanta ba. Na tsoma tsinken gwaji, wajen furotin da asalinsa ruwan ɗorawa ne nan take ya koma kore shar, na jini shima ya rine, dana sa a madubi ga jajayen ƙwayoyin jini nan birjik wasu a dunƙule sun ɗauki siffar bututun ƙodar da suka fito daga ciki, wanda duk ɗan lab yasan in yaga wannan toh daga cikin matatar jinin ke zuba ba daga mafitsara ba. Risalt ɗin creatinine, wato dattin da ke taruwa a jini in ƙoda ta kasa tacewa, da ya fito ya ninka na mai lafiya sau da yawa. Ɗan nasa yana tsaye bakin taga yana ce min “yallaɓai ƙafa muka kawo fa, me ya haɗa ƙafa da fitsari?” Aka tura su asibitin koyarwa na jami'ar Jos, JUTH, can Lamingo, aka masa wankin ƙoda na gaggawa, likitocin tiyata suka buɗe ƙafar suka tarar cutar ta kai ƙashi sai da aka cire yatsan. Ya rayu, ƙodar ta ɗan dawo har aka dakatar da wankin, amma bata koma yadda take ba kuma ba zata koma ba, yanzu kullum yana kan magani da zuwa kilinik, tuƙin doguwar hanya kuwa ya barshi. Tsinken dana tsoma ɗin nan minti biyu ne aikinsa, kuɗinsa bai kai abinda yake biya na diresin ɗin rana ɗaya ba, da ace tun satin farko da ƙafar ta fara tashi wani ya tsoma shi.

Abinda ke ƙara dagula lamarin shine irin taimakon da ake wa mara lafiya a gida da kyakkyawar niyya. Na farko magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen da haɗin nan da ake ƙullawa a leda na ciwon jiki, waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda, mai lafiya zai iya sha na kwana biyu ya wuce lafiya amma ƙodar da ke kumbure ƙarasa ta suke. Haka allurar gentamicin da wasu kemis ke dankara wa mutane akan kowane ƙurji da kowane “infekshan”, ita kanta guba ce ga ƙoda da kunne in ba'a auna ba, tun 2010 NAFDAC ta hana mai ƙarfin 280mg saboda irin wannan ɓarnar. Sai jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ni bana zagin maganin gargajiya, iyayenmu sun rayu dashi, amma ba wanda yasan adadin abinda ke cikin jarkar nan, kuma duk abinda ka sha ƙoda ce zata fitar dashi, in bata iya fitarwa sai ya zauna a jini. Ga kuma shawarar nan da kowa ke bayarwa, wai sha ruwa da yawa ya wanke ƙodar. Dan Allah a daina faɗawa mai kumburi haka. Mutumin da fitsarinsa ya ragu jikinsa ya riƙe ruwa, in ka ɗura masa jarka guda ruwan ba inda zashi sai huhu, shine zaka ga ana rugowa dashi cikin dare yana haki. Ko ƙarin ruwa da ake sa wa mutane a gida da an ce jiki ba ƙarfi, ga irin wannan mara lafiyan hatsari ne babba. Likita ne zai faɗi iya ruwan da zai sha gwargwadon fitsarin da yake yi. Gishiri da dunƙulen miya da kanwa duk a janye, dan kanwar ma a wajen ƙoda gishiri ce. Kuma mu nan Filato da dankalin turawa yake abincin kullum, in gwaji ya nuna sinadarin potassium ya hau a jini likita zai iya cewa a dakata da dankali da ayaba da tumatir mai yawa na wani lokaci, kar a ɗauka wasa ne, hawan wannan sinadarin yana iya tsayar da zuciya ba sallama.

Ba gyambo da maƙogwaro kaɗai ba. Ciwon hanta nau'in B da C suna taɓa matatan ƙoda, kuma binciken ƙasa da akayi a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da nau'in B, mafi yawa basu ma sani ba, gamu da al'adar aska ɗaya ta zagaye mutum goma wajen aski da yankan farce da kaciya. Allurar rigakafinsa ta shiga jerin na jarirai a 2004, ma'ana duk wanda aka haifa kafin nan sai dai in shi ya nema da kansa. Nau'in C kuma yanzu ana warkewa da ƙwayoyi cikin kamar sati 12. Cuta mai karya garkuwar jiki ita ma tana da nata ciwon ƙodar mai saurin gaske, wanda yafi kama baƙar fata saboda wani gado a jininmu mu 'yan Afirka ta Yamma da masana suka gano a 2010, kuma babban maganinsa shine mutum ya fara shan maganin cutar da wuri ya riƙe shi, gashi kyauta ake bayarwa, kunya ce kawai ke sa mutane ɓuya har ƙoda ta tafi. Tunjere ma yana yi, shi kam allurar penicillin ke kashe shi ƙodar ta dawo daidai. Akwai tsargiya ga masu shiga kududdufi da dam da masu noman rani, akwai cutar da ke kama ƙofofin cikin zuciya ta riƙa watsa ƙwayoyi cikin jini ana ta maganin taifod wata da watanni zazzaɓi yaƙi sauka. Hatta maleriya, tun shekarun 1960 likitoci a Ibadan suka nuna akwai wani nau'inta da ke lalata ƙodar yara a hankali. Shi yasa in likita yaga furotin a fitsarinka yace aje ayi gwajin hanta da na HIV kar kaji haushi ko kace zarginka yake, tushen yake nema.

Toh ina ake ƙarewa? Wannan ita ce tambayar da dangi ke mana kullum a bakin taga, “zai warke?” Gaskiyar magana manya sun kasu. Akwai wanda in an kashe cutar, an sauke ruwan jikin da maganin sa fitsari irin Lasix, an daidaita jini, cikin 'yan makonni kumburi ya saɓe fitsari ya washe ƙoda ta dawo, yawanci masu ƙuruciya ne da basu da wani ciwo a ƙasa kuma suka zo da wuri. Na ga wata malamar makaranta da tazo kwana kaɗan da ganin fitsarinta ya canza bayan ciwon maƙogwaro na lokacin hunturu, ko kwanciya mai tsawo batayi ba, yanzu garau take. Akwai kuma wanda zai tashi ya koma harkarsa yana jin ya warke amma ƙodar ta samu tabo, furotin na ci gaba da zuba kaɗan kaɗan, jini na hawa, shekara biyar ko goma sai a wayi gari ance ƙoda ta gaza kowa yana mamaki daga ina, alhali tun wancan gyambon ne da aka manta dashi. Waɗannan su suka fi bani tausayi dan sune za'a iya ceto da magani mai sauƙi na hawan jini da ke rage zubar furotin, amma da an sallame su shikenan ba'a ƙara ganinsu. Sai kuma waɗanda tun a karon farko ƙodar bata dawowa, su zauna kan injin wanki, wasu kuma cutar da ke cikin jinin ce ma ke tafiya dasu. A cikin tsofaffi masu suga, waɗanda ke komawa garau ɗari bisa ɗari sune marasa rinjaye, wannan abu ne sananne a wajen likitocin ƙoda. Kuma mutane su sani ba wata allura guda da ke sauke wannan kumburin, hasali ma magungunan danne garkuwar jiki irin prednisolone da ake ba wasu masu ciwon ƙoda, in akwai cuta ɗanya a jiki suna iya ƙara rura ta, dan haka kar wani yaga an ba maƙwabcinsa kumburinsa ya saɓe shima yaje kemis ya siya.

Wani abu da ya kamata a gane game da gwaji, creatinine baya tashi sosai a jini sai ƙoda ta rasa kusan rabin ƙarfinta, amma fitsari tun da wuri yake tona asiri. Kenan gwajin da yafi arha shine kuma yake fara nunawa. Akwai wasu gwaje-gwajen da likitan ƙoda zai nema kamar C3, wani sinadarin garkuwa ne da ke sauka a jini lokacin ciwon ya dawo daidai cikin kamar sati 8, in bai dawo ba ko ƙodar na ƙara lalacewa sai a tsinko ɗan ƙaramin nama daga ƙodar da allura a duba a madubi. Mutane suna jin ance haka sai su tsorata su gudu da mara lafiya, wasu har suna cewa za'a sace ƙoda, alhali abinda ake ɗauka ɗan siriri ne ƙwarai kuma shine ke faɗawa likita takamaimai me yake yaƙa.

Maganar kuɗi kuwa kowa ya sani. Wanda ƙodarsa ta tsaya gaba ɗaya yana buƙatar wanki sau 2 zuwa 3 a sati, kowane zama kamar awa 4, ga kuɗin tiyo da allurar ƙarin jini da gwaji da mota. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga wajen naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, abin a yaba ne kuma Allah yasa ya ɗore ya kai ko'ina, amma ko a 12,000 ɗin ka lissafa sau uku a sati har wata ya zagayo ka gaya min ɗan acaɓa ko mai sayar da kayan miya a Farin Gada ina zai samo. Na ga an saida fili, an saida mashin, an saida kayan ɗakin mata, daga sau uku a koma sau ɗaya, daga nan sai randa aka samu, daga nan sai kaji sanarwar jana'iza. Dashen ƙoda kuma, duk da ana yi a ƙasar nan tun 2000 a Legas, asibitin Malam Aminu Kano ma ya fara a 2002, miliyoyi ne, bayan an yi kuma ga maganin da za'a sha har ƙarshen rayuwa. Duk wannan wahalar nake hangowa in naga an riƙe gyambon mai suga riƙon sakainar kashi.

Dan haka ina kira ga ma'aikatar lafiya ta jihar Filato da hukumar kula da ƙananan asibitoci, a tabbatar kowane asibitin unguwa, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo zuwa Rikkos da Nasarawa da Bukuru har ƙauyuka, yana da gwangwanin tsinken gwajin fitsari da bai lalace ba da na'urar awon jini mai aiki, kuma a maida shi doka cewa duk babban da yazo da gyambo, ko maruru mai dawowa, ko ƙafar suga, ko zazzaɓin da ya haura sati biyu, a duba fitsarinsa da jininsa ranar da yazo, a sake dubawa bayan wasu makonni. Ba sai an jira likita ba, ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya in an nuna masa sau ɗaya. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ita ma ta duba yadda wannan gwajin da na creatinine zasu zama cikin abinda mai katin inshora zai samu ba tare da an ce yaje waje ya biya ba. A kuma waiwayi wuraren cunkoso inda ƙazwa ke yaɗuwa, sansanonin waɗanda rikici ya raba da gidajensu, tsangayu, makarantun kwana, gidan gyaran hali, dan maganin ƙazwa da sabulu da ruwa ba wani tsada ne dasu ba, kuma a unguwanninmu da ake sayen ruwa a kura, ga sanyin Jos da ke sa wanka ya zama aiki a watan Disamba da Janairu, ciwon fata ba ƙaramin yawa yake ba. Ranar ƙoda ta duniya da ake yi Alhamis ta biyu a watan Maris, maimakon tattaki da riguna a tsakiyar gari kawai, a kai tebur tashoshin mota da kasuwar Katako da bakin masallatai da coci-coci a gwada mutane.

Masu kemis, 'yan uwana, nasan ku ne asibitin talaka kuma da yawanku kuna ƙoƙari, amma ciwon da kayi wa diresin sati biyu bai nuna alamar rufewa ba, ko mai shi yana da suga, ko kaga ƙafa ko fuska ta fara tashi, wannan ya wuce teburinka, ka tura shi gaba tun yana tafiya da ƙafarsa. Ampiclox na kwana biyu da ake ba mutane gwargwadon kuɗin hannunsu baya kashe cutar, sai dai ya koya mata jure magani. Malamanmu da limamai kuma ku taimaka da faɗakarwa, dan maganarku tafi tamu shiga, addu'a da tofi ba wanda ya hana amma a haɗa da asibiti a rana ɗaya, kar ace sai an gama na gida tukunna.

Wanda kuma ya taɓa yin wannan ciwon aka sallame shi, ko namiji ko mace, ya riƙe katinsa da takardun risalt ɗinsa a leda guda kar su ɓace, ya koma duk ranar da aka rubuta masa ko da yana jin garau, dan ɗan jinin da ido baya gani yana iya kai shekara yana fita a fitsari, furotin ɗin kuma shi ake bibiya a ga yana raguwa ko ƙaruwa yake. Bayan nan ma aƙalla sau ɗaya a shekara a auna jini a duba fitsari da creatinine. Mace in ta samu ciki ta faɗa a wajen awo tun zuwan farko cewa ta taɓa kumburin ƙoda, saboda a sa mata ido akan hawan jini. Duk inda za'a rubuta maka magani, ko na haƙori ne, ka faɗa kafin a rubuta. In azumi ya gabato kuma a je a tambayi likita tun cikin Sha'aban ko ƙodar zata iya ɗauka, kar a bari sai an kai goma ga wata jiki ya rikice.

Nagode Malam Edita da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya.

Naku,
Mai karatunku a kullum,
daga Unguwar Rogo, Jos, jihar Filato.